Kayan Ɗakin da Ba Sa Neman Gyara

Ƙanena ya cuce ni, kuma da alheri ya cuce ni, shi ya sa har yau ban sami wanda zan kai wa ƙara ba. Kayan ɗakin 'yata ya ɗiba, gado da sif na rataye tufafi da teburin madubi, waɗanda na yi wa folishin hannu da kaina, ya kai shagonsa ya fesa musu lakka, ina can Auyo ina yankan shinkafa. Bai tambaye ni ba. Duk wanda na fara ba labarin sai ya tare ni da, "To ai gyara ya yi maka." Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda takarda ba ta katse mutum. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Katako ba ya sa ni kuka, na lalata da yawa da hannuna. Abin da feshin nan ya raba ni da shi, hanyar shiga ɗakin 'yata ce. Guda ɗaya nake da ita, ya toshe.

Yarinyar ita ce ta fari a wurina. Gidanmu jinin masu shanu ne, ko da yake tun zamanin kakana aka ajiye sanda aka zauna cikin Haɗejiya, kuma a cikin kayan da aka shigo da su gari har da kunyar ɗan fari. Sannan sunan mahaifiyata aka sa mata, kunya ta zama biyu. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar sunanta bakin kogi na tafi, na zauna wurin masunta har aka watse. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa ce mata ta yi kyau ba. In ta durƙusa ta gaishe ni, bango nake kallo in amsa. Ƙanena, autanmu, shi ne ubanta a idon duniya. Shi ya kai ta makaranta, shi ke goya ta a mashin, shi take roƙo takalmin Sallah, shi take wa kuka in an dake ta. Ban ce wannan laifi ba ne. Haka na tarar, haka aka yi mini. Yaran yanzu da ke rungumar 'ya'yansu suna ɗaukar hoto a waya, Allah ya ba su sa'a, ni dai ban iya ba.

Folishin hannu kuwa, wurin wani tsohon kafinta na koya, a bayan kasuwa. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Shi folishin Faransa yake ce masa, wai haka wanda ya koya masa yake faɗa. Ni dai ban taɓa ganin Bafaranshe a cikin aikin ba, tsofaffi masu ciwon baya na gani. Abin da ake yin sa da shi, shalak, zuwa yake ɓarɓashi-ɓarɓashi kamar ɓawon albasa, launin zuma. A zuba a kwalba, a tsiyaya masa sifirit, a toshe, a bar shi ya narke. Ba buroshi, ba inji. Auduga za ka dunƙule, ka naɗe ta a tsohon farin ƙyalle wanda wanki ya gama lausasawa, ka jiƙa ta daga ciki, ka ɗiga man keken ɗinki a yatsa ka shafa a fuskar ƙullin don kada ya kama. Daga nan sai zagaye. Ka sauke ƙullin a kan katako yana tafe, ka ɗauke shi yana tafe, kamar tsuntsun fadama in ya sauko ɗaukar kifi. Ka kuskura ka tsaya, ko na ƙiftawar ido ne, ya manne ya bar maka tabo. Maigidana, tsohon kafintan nan, yakan ce mini, "Kai, ko gobara aka ce ana yi a bayanka, kai ƙarshen katakon tukuna ka waiwaya."

Kowane shafi siriri ne, ba ka ma ganin ka yi wani abu. Ka yi yau, ka bar shi ya huta, gobe ka dawo. Sabon shafi yana narkar da fuskar tsohon ya shige cikinsa su zama abu ɗaya. Kana nan kana yi, wata rana kawai sai ka ga katakon maɗacin ya buɗe ido. Hasken daga cikin katakon yake fitowa, kamar ka leƙa ruwan fadama da kaka, bayan ya kwanta, ka hango yashi a ƙasa. In ka shafa da tafin hannu ɗumin ice za ka ji.

Amma rago ne, wannan ba zan ɓoye ba. Yana tsoron ruwa, yana tsoron zafi, turare kuwa ajalinsa ne. Ka ajiye kofin shayi, ya bar farin zobe. Kwalbar turare ta ɗan yi naso a gindi, ta cinye shi har katako. Mu kuma nan ƙasar ruwa ce. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya bazu a fadama, bango ya jiƙe har ƙugu, sai folishin ya yi fari-fari kamar an hura wa madubi numfashi. Sai dai duk abin da ya same shi yana gyaruwa, kuma a inda yake tsaye. Ba kankarewa, ba samfefa. Ƙulli, ɗan sifirit, hannu mai haƙuri, sai tabon ya narke ya ɓace kamar ba a yi ba.

Saboda haka duk kaka, in ruwa ya ɗauke, sai mu ɗaure kwalabe a bayan keke mu bi gidajen da muka yi wa kaya. Kaugama, Auyo, har Guri. Inda hanya ta yanke mu ɗora kekunan a kwale-kwale. Gidan da baƙo namiji ba ya wuce zaure, mu har ƙuryar ɗaki ake yi mana iso, don sif ba ya fitowa waje a gaisa. Mai gidan ya ce a shiga, mata su ja mayafi, a kawo mana fura.

A irin wannan yawon na ga wani abu da ban gane ba sai da na haihu. Akwai wani gida a Kaugama, kabad ɗaya ce tak a ɗakin, aikin da in an fara da hantsi ba zai kai azahar ba. Amma maigidana kafinta in ya shiga sai la'asar sakaliya. Ya goge, ya sake gogewa, ya nemo tabon da ni idona bai gani ba. Matar gidan tana zaune a bakin gado tana tsince shinkafa, tana ta zuba: akuyarta ta haifi biyu, uwar mijinta ta ce kaza, yaron ya fara haƙori yana zawo. Shi kuwa kansa a sunkuye. "Uhm. To. Assha. Madalla." A hanyar dawowa na ce, "Maigida, kabad ɗin nan tana cin lokaci fa." Ya ce, "Tuƙa kekenka." Sai daga baya na ji ashe 'yarsa ce ta fari.

Auta ma a hannuna ya fara koyon aikin, amma jininsa zafi gare shi. Ba a daɗe ba ƙulli ya ishe shi, ya ce wannan aikin masu jiran mutuwa ne. Ya tafi Kano, ya dawo da kwamfuresa da bindigar feshi da janareta, ya buɗe shago a bakin titi. Ita lakka a galan take zuwa, a sirka ta da tina, a ɗura a bindiga, a fesa. Abin da zan yi makonni ina lallaɓawa, shi kafin la'asar ya bushe an ɗora a mota. Kuma ba zan yi masa ƙarya ba, tana da ƙarfi. Zuba mata ruwa, ɗora mata kofin shayi, ko a jikinta. Turare ma sai ya kwana a kanta kafin ya yi mata wani abu. Ƙyallinta tun daga tsallaken titi yake kiran mutum. Mata suka koma can, dillalai suka koma can, ni aka bar ni da tsofaffin alhazai da kujerun da suka gada. Ban ji haushi sosai ba. Na ɗan ji. Ina da gonar shinkafa a Auyo, yunwa ba ta shigo gidana ba.

Abin da ban so a lakka shi ne zaman da take yi a kan katako kamar an sa masa rigar leda. Maɗaci mai daraja da katakon banza, in an fesa, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da ta gaji kuma, ta tsage ko ta ɓantare, ba ta jin lallashi, sai an kwance kaya an kai shago an kankare an sake. Ba a yin ta a ɗakin mutane. Sannan ba a hira a wurin feshi. Inji na ruri, mai feshi ya ɗaure hanci da baki kamar ɗan fashi, warin tina ko kaza ba ta tsayawa.

Wurin folishin hannu kuwa shiru ne. Ba ka jin komai sai numfashin ƙulli a kan katako. Tun yarinyar tana firamare uwarta ke aiko ta shago da abincin rana. Ta ajiye kwano, maimakon ta juya sai ta zauna a kan bencin da ke bayana. Ni hannuna na kan aiki, ba halin in ɗago. Ita kuma tunda ƙeyata take gani, sai bakinta ya buɗe.

"Baba, wai kifi yana barci?"

"Tambayi masunta."

"Na tambaya, sun ce in tambayi kifin."

"To kin ji."

"Baba, wannan gadon na wace ce?"

"Na wata amarya."

"Ni in na tashi irin wannan nake so. Na Baffa wari yake."

Baffa shi ne Auta, haka take kiransa.

"Ke, ɗauki kwano ki tafi gida."

Ba ta tashi, ni ma ba na sake faɗa. Haka muka yi shekaru. Duk abin da na sani game da 'yata, da bayana na ji shi. Ƙawar da ta ci amanarta, malamin lissafin da take tsoro, yadda ta tsani miyar kuɓewa amma take ci don kada uwarta ta ji ba daɗi. Wata rana ta shafe wuni tana kuka a bencin nan saboda wata 'yar ajinsu ta rasu, ni kuwa na yi ta zagaya ƙulli a kan teburin da tuni ya gama, har ta share hawaye ta tafi. A gida in muka haɗu a tsakar gida kowa ya kauce. Ba wanda ya san muna magana. Mu kanmu ba mu taɓa cewa muna yi ba.

A bencin nan ta gaya wa sif ɗin wani alhaji, ba ni ba, cewa akwai wani mai injin casar shinkafa a Guri, ya ce zai turo manyansa wurin Baffa. A duk girmana ranar ce kaɗai ƙulli ya tsaya mini a tsakiyar ƙofa. Na ɓamɓare shi, na ci gaba.

"Yana sallah?"

"Yana yi."

"Kina so?"

Sai na ji tana wasa da murfin kwano.

"To," na ce.

Yaron kirki ne, har gobe ban ji wani abu a kansa ba. Aka sa rana bayan an gama girbi. Auta ne waliyyi, shi ke karɓar baƙi, shi ke yanke magana, ni ina gefe kamar maƙwabci. Abu ɗaya ne nawa, kayan ɗaki, don wannan a wuyan uba yake, kuma ba wanda zai ce kafinta ya yi rashin kunya don ya yi gado. Ina da katakon maɗaci da na jingine a rufin shago tun tana rarrafe. Na sauko da shi.

Ba a makance na zaɓi folishin hannu ba. Na san ɗakin amarya ne, turare kamar kanti, ga humra, ga kaskon turaren wuta da za a riƙa direwa ko'ina. Na san Guri ce, inda ruwa ke zuwa gaisuwa bakin ƙofa kusan duk shekara. Na san kafin damina ɗaya ta wuce ƙofar sif za ta yi fari, teburin madubi zai cika da zobba. Abin da nake nema ke nan. Uba irina ba ya zuwa gidan 'yarsa ta fari. In aka gan shi a can, to ko rasuwa aka yi ko wani na kwance. Amma kafinta yana zuwa. Ina goga ina ganin abin a raina: na ɗaure kwalba a bayan mashin, na tsallaka a kwale-kwale, surukina ya fito ya durƙusa ya ce, "Baba, bismillah." In shiga in ba ta baya, in sunkuya a kan tebur, ita ta zauna a bakin gado da faifai a cinya. In nemo tabon da babu shi har la'asar sakaliya, yadda na ga an yi a Kaugama.

Ban taɓa yin aiki irin wannan ba, kuma ba zan sake ba. Sau ɗaya yarinyar ta zo gani, don a lokacin an fara hana ta fita. Ta tsaya a gaban ƙofar sif ta daɗe. Ta ce, "Baba, ina ganin fuskata a ciki, amma kamar daga nesa." Na ce, "Kada ki taɓa, bai gama bushewa ba." Ya bushe tuni.

Sai shinkafa ta nuna a Auyo, tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hadari. Wanda ya yi jinkiri kara zai tarar. Na lulluɓe kayan da tsofaffin zannuwa, na kulle shago, na ba mai ɗakina makulli, na tafi. Da na dawo, ban shiga gida ba sai da na biya shago, don in ɗaga zane in ɗan duba. Sai na tuna makulli na gida, na leƙa ta tsagar ƙofa. Wayam.

Mai ɗakina ta tare ni tun daga zaure.

"Malam, don Allah kada ka yi faɗa. Gwaggonninta ne suka zo gani. Suka ce kaya sun yi kyau, amma ba su da haske, wai in an ɗauka a waya ba sa fitowa. Suka ce ranar jere matan Guri za su ce tsofaffi aka kawo mata. Shi ne Baffansu ya ce a bar masa."

"Ke kika ba shi makulli?"

"To ai shi ne uban amarya. In hana shi?"

Na tarar da kayan a jere a gaban shagonsa, cikin rana, suna ƙyalli har ido na ciwo. Abokansa na zaune a benci ana shan rake. Ya taso da fara'arsa, ƙyallen hanci na rataye a wuya.

"Yaya! Sannu da hanya. Ya tsuntsaye, sun bar maka na tuwo? Zo ka ga kayan 'yata."

'Yata. Baki cike yake faɗa, shi ba abin da ke riƙe masa harshe.

"Wallahi aikinka ya taimake ni. Lakkar nan kwanciya ta yi luf a kan folishinka, ban taɓa samun ƙasa mai kyau haka ba. Shekara goma, Yaya, ba mai sake taɓa kayan nan. Ruwan Guri ya yi ta zuwa in yana so."

Na sa tafin hannu a kan ƙofar sif. Sanyi da santsi, kamar farantin tangaran. Aikina yana nan a ƙasa, ina hango shi, kamar mutum a bayan gilashin mota. Abokansa suna ta cewa ma sha Allah, wani ya ce ai Auta ya fitar da Yaya kunya. Me zan ce? In buɗe baki a gaban 'yan shan rake in yi rigima a kan gadon 'yata ta fari? Kafin magariba gari ya ɗauka. In ce a wanke? Tinar da za ta cire tasa za ta tafi da nawa, ga biki ya matso, kuma sai an tambaye ni dalili.

Na ce, "Allah ya saka da alheri."

Ya ce, "Haba Yaya, ai yi wa kai ne."

Ranar da aka ɗora kayan a mota ina masallaci. An ce matan Guri sun yaba, har wata ta tambayi ko daga Kano aka kawo.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ba wanda ya aiko. Me za a aiko a ce? Kaya lafiya lau. Takan zo ganin gida, ta durƙusa a bakin ƙofata.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ka."

"Muna amsawa."

Shi ke nan, ta koma ɗakin uwarta. Matar aure ba ta zuwa shago a bayan kasuwa ta zauna a benci. In ta kira uwarta a waya aka miƙo mini, ba katako a gabana, ba abin da zan yi da hannuna, sai gaisuwa kawai. Lafiya? Lafiya. Ga uwarki. Da ta zo wankan haihuwar fari ta daɗe a gidan, amma ta bango nake jin dariyarta. Wani lokaci in ɗauko 'yar kujera in zauna a tsakar gida ina goga ta da ƙulli ko za ta fito ta zauna, sai mata su cika wurin, 'yan barka na shiga na fita, in kwashe kayana in koma shago.

Auta kuwa Guri kamar bayan gidansa. In ya kai kaya can sai ya biya, ya ci ya sha, ya dawo mini da busasshen kifi a leda ya ce in ji 'yarka. A bakinsa nake tsintar labari, guntu-guntu, yadda ya ga dama. Ta sayi tunkiya. Ɗanta ya fara tafiya. Ta ɗan rame amma ba komai. Ramar me? Bai tambaya ba. Da ni ne da na ji, ba sai na tambaya ba, da ta gaya wa teburin madubi. Har yau ban san ƙofar ɗakinta gabas take kallo ko yamma ba. Ban san a wane bango aka jingina sif ɗin da na yi ba.

Shalak in an narka shi ba ya ajiyuwa, in ya tsufa ba ya bushewa. Duk kaka sai in zubar da na bara in haɗa sabo, fiye da abin da 'yan ayyukana ke bukata. Mai ɗakina ta taɓa tambaya, na ce na saba ne kawai.

Daminar da ta wuce ruwa ya yi yawa. Kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana hanyoyin ruwa, ta toshe, kogi ya rasa inda zai bi ya shiga gidaje. Aka ce har unguwarsu a Guri. Da farko rayuka na tambaya, aka ce kowa lafiya, sun koma gidan yayan mijin a kan tudu. Da na ji haka sai tunanina ya koma kan kayan ɗakin. Na ce ko lakka ce ai tana da iyaka. In ta tashi, ta kumbura, dole a kankare, kuma hanya a yanke take, ba mai ɗauko sif a kwale-kwale ya kawo shagon feshi. Sai dai mai aikin hannu ya je can. Na yanko tsohon farin ƙyalle, na sayi auduga, na haɗa kwalba, na sa aka duba mini mashin. Ina jiran ruwa ya ja.

Auta ya riga ni. Da hantsi ya shigo shagona, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ina kan wani ɗan tebur na wani alhaji.

"Yaya, albishirinka!"

"Ina jinka."

"Daga Guri nake. Mijin ya yi dabara, ya ɗora kayan a kan bulo. Ruwa ya kwana a ƙarƙashi, laima ta cika ɗaki, tabarma ta ruɓe, bango ya yi baƙi. Amma kayan nan? Tsumma kawai ta sa ta goge, fes, kamar jiya na fesa! Na ce mata, kin ga aikin Baffa? Da folishin Yaya ne da yanzu ya yi fari kamar mai kyasbi, da sai tsohon nan ya zo ya wuni a ɗakinki yana goga."

"Me ta ce?"

"Tashi ta yi ta fita, wai za ta ɗebo mini fura. Ta daɗe ma kafin ta dawo." Ya ɗauki sabuwar kwalbar ya ɗaga ta a haske. "Wannan fa? Duk wannan? Wa ya kawo maka babban aiki?"

Na ajiye ƙullin a tsakiyar teburin alhaji. Na san zai manne, na bar shi. Na juyo na dube shi ido cikin ido, abin da na daɗe ban yi ba.

"Auta, ajiye kwalbar nan ka zauna. Aikinka ya yi kyau, ban taɓa cewa bai yi ba. Amma kana tsammani ban san turare na cin folishi ba? Ban san laimar Guri ba? Ni da na koya maka riƙon samfefa? Na sani sarai. Don ya lalace na yi shi. Don duk kaka a aiko a ce Baba ya zo ya gyara, in shiga in ba ta baya, ta zauna ta yi mini surutu har la'asar. Kai da sallama kawai kake shiga, ka zauna a bakin gadonta, ka sha furarta, ka kira sunanta da ƙarfi. Ni ba ni da sunan, ba ni da zaman. Wuni ɗaya a shekara na tanadar wa kaina, shi ma ka bi ka feshe, ko tambaya babu. Ka ce shekara goma ba mai taɓa kayan nan. To dube ni da kyau, dubi furfurar nan, dubi hannun nan da ya fara rawa, ka gaya mini: ni wa ya yi mini alkawarin shekara goma?"